Kamo Dutse Daga Sararin Samaniya: Inda Shakkar Jama'a Take da Gaskiya

Jawabin da aka gabatar a zaman ƙara wa juna sani na reshe



Batun da aka ɗora mana yau yana cikin irin waɗanda idan aka faɗa wa mai hankali karon farko, sai ya dubi fuskar mai maganar ya ga ko da wasa yake. Wai a harba kumbo sararin samaniya, ya je ya tarar da wani dutse da ke shawagi can nesa, ya zura shi a buhu, ya jawo shi har kusa da wata ya ajiye, sa'an nan 'yan sama-jannati su je su dudduba shi. Wannan ba tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba ce. Shiri ne da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta sanya a kasafin kuɗinta, ta yi shekara 4 tana aiki a kansa, daga 2013 zuwa 2017, kafin a binne shi. Jama'a da dama sun yi shakkarsa tun ranar farko. Ita wannan shakkar muke so mu ɗora a faifai, mu ga inda ta yi daidai, da inda ta kauce, da abin da ya rage a cikinta wanda har yau ba a amsa ba. Mu malamai abin ya shafe mu, domin irin waɗannan labarai sukan riga isa wayar ɗalibi kafin su iso ofishin malamai, kuma washegari mu ake tsarewa da tambaya.

Duwatsun da ake magana a kansu, waɗanda masana ke kira astiroyid, ragowar kayan da aka gina duniyoyi da su ne, kamar ɓaraguzan bulo da ake bari a fili bayan an gama gini. Mafi yawansu suna kewaya rana ne a tsakanin duniyar Mas da ta Mushtari. An san fiye da miliyan 1 daga cikinsu. Babbansu, Ceres, wanda aka gano a 1801, faɗinsa ya kai kilomita 940, ƙananansu kuwa ba su fi randa ba. Akwai wasu, fiye da 35,000 da aka ƙidaya, waɗanda hanyarsu takan kawo su kusa da tamu duniyar. Su ne ake sa wa ido.

Ƙasarmu ba baƙuwar duwatsun sama ba ce. A ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami, cikin lardin Katsina na wancan lokaci, kuma an ruwaito cewa kusa da wani manomi ya sauka, yana cikin korar hankaki daga gonarsa. Bincike ya nuna daga duniyar Mas dutsen ya fito: wani babban dutse ne ya doki Mas da ƙarfin da ya tartsatsa gutsattsarinta zuwa sarari, ɗaya ya yi ta yawo har ya ƙare a gonar Bakatsine. A yau da wuya a sami mai nazarin duniyar Mas da bai san sunan Zagami ba, alhali yawancin ɗalibanmu ba su taɓa jin labarin ba. A ranar 3 ga Afrilu, 1984 kuma wani ya faɗo a yankin Gujba, a jihar Yobe ta yanzu. Saboda haka duk wanda ya ce dutse ba ya faɗowa daga sama, ba sai an kai shi Amurka ba. A kai shi Faskari.

Asalin shirin kamo dutsen ya faro ne daga wani alkawari. A ranar 15 ga Afrilu, 2010, Shugaba Barack Obama ya yi jawabi a cibiyar harba kumbo ta Kennedy, inda ya ce Amurka za ta kai 'yan sama-jannati kan ɗaya daga cikin waɗannan duwatsu kafin 2025. Da aka zauna aka yi lissafi, sai aka ga tafiyar za ta ɗauki watanni, kuma kuɗin da ke hannu da kumbon da ake ƙerawa ba za su kai ba. A 2012 sai wata cibiyar nazari mai suna Keck, da ke jami'ar Caltech a Kalifoniya, ta fitar da rahoton da ya juya maganar: tun da mutum ba zai iya zuwa wurin dutse ba, a kawo masa dutsen kusa. Suka ce a nemi mai faɗin mita 7 da nauyin tan 500, wato kimanin lodin tirela 17 ta siminti, a lulluɓe shi da wata babbar jaka, a tsayar da jujjuyawar da yake yi, a rinƙa tura shi a hankali, tafiyar gaba ɗaya, zuwa da dawowa, ta ɗauki shekara 6 zuwa 10. Injin da zai yi turin da hasken rana zai yi aiki, yana feso iskar zinon ta baya. Ƙarfin turinsa bai fi nauyin lemo guda a tafin hannu ba, amma a sarari babu abin da ke riƙe tafiya, kuma sannu ba ta hana zuwa. Kuɗin da suka ƙiyasta shi ne dala biliyan 2.6.

A watan Afrilun 2013 gwamnatin Obama ta nemi majalisa ta ba da kimanin dala miliyan 100 don a fara. A watan Maris na 2015 NASA ta sauya dabara: ta bar maganar buhu, ta ce za ta sauka kan wani babban dutse ne, ta ɗauko wani curi mai faɗin kusan mita 4 daga bayansa, ta kawo shi ya riƙa kewaya wata. A 2017, da sabuwar gwamnati ta gabatar da kasafinta na farko, aka cire shirin, kuma kaɗan ne suka yi masa kuka.

Tsoron da ya fara zuwa bakin mutane shi ne na zahiri: idan igiya ta tsinke fa? A je a jawo masifar da ke tafiyarta a kawo ta ƙofar gida, ai an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wannan tambaya ce ta mai hankali, sai dai amsarta a fili take, kuma a nahiyarmu aka ba da ita. A ranar 6 ga Oktoba, 2008, wata na'urar hangen nesa a jihar Arizona ta hango wani dutse mai faɗin mita 4, daidai girman wanda NASA ta so ɗaukowa daga baya. Masana suka yi lissafi suka ce cikin ƙasa da kwana guda zai shigo ta saman arewacin Sudan. Haka kuwa aka yi: da asubahin 7 ga wata ya shigo, iskar da ta lulluɓe duniya ta ƙone shi, ya tarwatse tun yana can sama da nisan gomman kilomita. Bayan 'yan makonni Dakta Muawia Shaddad na Jami'ar Khartum da abokin aikinsa Peter Jenniskens suka kwashi ɗalibai, suka jera su sahu guda a hamadar Nuba suna tafiya suna duba ƙasa, har suka tsinto gutsattsari ɗaruruwa, waɗanda duka-duka nauyinsu bai wuce kilo 11 ba. Aka sa musu sunan tashar jirgin ƙasa ta shida da ke kusa, Almahata Sitta. Ko akuya bai kashe ba. Waɗanda suka tsara shirin kamo dutse sun zaɓi ƙarami ne da gangan saboda wannan dalili, kuma inda za su ajiye shi, wato kewayen wata, yana da nisan kusan kilomita 384,000 daga nan.

Dutsen da ke yin ɓarna shi ne wanda ba a gani ba. Wata 2 kafin a gabatar da shirin ga majalisa, da safiyar 15 ga Fabrairu, 2013, wani mai faɗin kusan mita 20 ya shigo ta saman birnin Chelyabinsk na ƙasar Rasha. Ta ɓangaren rana ya ɓullo, don haka babu na'urar da ta hango shi. Ya fashe a sama, a tazarar kilomita 30 ko kusa da haka, da ƙarfin da ya ninka bam ɗin Hiroshima kusan sau 30. Mutum kimanin 1,500 suka jikkata, gine-gine fiye da 7,000 suka lalace.

A nan muna roƙon malaman lissafi da na kimiyya su kasa kunne, domin akwai darasi na aji guda cif a cikin wannan lamari. Yawancin waɗanda suka ji rauni ba dutse ne ya same su ba, gilashin taga ne. Haske ya riga ƙara isowa. Mutane suka ga wani haske da ya fi na rana, suka ruga tagogi su ga mene ne, suka tsaya suna kallon hayaƙin da ya bari. Sauti yana tafiyar mita 340 ne a daƙiƙa. A raba mita 30,000 da 340, za a sami kusan daƙiƙa 90. Wato minti ɗaya da rabi, a wasu unguwannin ma fiye, mutane suna tsaye fuskarsu a jikin gilashi kafin bugun iskar ya iso ya farfasa shi a kansu. Wata malamar firamare a birnin, da ta ga hasken, ba ta san ko mene ne ba, amma ta umarci ɗalibanta 44 su shige ƙarƙashin tebura. Ita da ta tsaya a tsaye gilashi ya yanke ta sosai, yaran kuwa ko ɗaya bai sami ƙwarzane ba. Ɗalibin da ya taɓa ƙidaya tazarar da ke tsakanin walƙiya da tsawa a damina ya riga ya san rabin wannan darasi, ragowar rabin mu ne za mu ƙarasa masa.

Akwai wani tsoron da ya fi wancan zurfi, kuma ba daga jahilai ya fito ba. Tun a 1994 Carl Sagan da Steven Ostro, manyan masana biyu, suka yi gargaɗi a mujallar Nature cewa hannun da ya iya kawar da dutse daga hanyar duniya zai iya karkato da shi kanta, kuma tarihin ɗan Adam bai ba da tabbacin cewa ba za a sami mai sha'awar yin haka ba. Mu a ganinmu wannan damuwa ba ta yau ba ce, don kamar yadda za mu gani, ƙarfin da ake da shi yanzu na motsa dutse ɗan kaɗan ne ainun. Amma ba mu ce a share ta ba. Wuƙar da ake yanka albasa da ita ba ta san albasa ba.

Sai dai ba tsoro ne ya kashe shirin ba. Tambayar da ta kashe shi ita ce wadda kowace uwar gida kan yi wa maigida idan ya shigo da wani kaya mai tsada: wannan kuma na mene ne? NASA ta ba da amsoshi da yawa, kuma yawan nasu ne ya zama illa. Yau a ce don kimiyya ne, gobe a ce don kare duniya ne, jibi a ce gwaji ne na tafiya Mas, gata a ce share fage ne na haƙar ma'adinai. Kowane rukuni na masana da aka ambata don shi ake yi, sai ya ce shi dai ba haka ya nema ba. Masu nazarin duwatsun suka ce ƙaramin kumbo marar mutum zai kawo musu samfuri da kuɗi ƙasa da haka. Masu neman kare duniya suka ce dutsen mita 4 ko 7 ba shi ne abokin gaba ba. Farfesa Richard Binzel na jami'ar MIT ya rubuta a mujallar Nature a watan Oktoban 2014 cewa shirin wasan burgewa ne mai tsada, kuma abin da ya kamata shi ne a fara nemo duwatsun tukuna, domin da yawansu suna wucewa kusa da mu da kansu ba tare da an jawo su ba. A majalisar wakilai ma, tun a 2013 kwamitin kimiyya ya rubuta daftarin dokar da za ta hana kashe kuɗi a kan shirin.

Abin da ya ƙara wa masu sukar ƙarfi shi ne akwai aikin da aka riga aka ba hukumar ba ta gama ba. A 2005 majalisar Amurka ta yi doka cewa kafin 2020 a gano kashi 90 cikin 100 na duwatsun da ke kusantar duniya masu faɗin mita 140 zuwa sama, waɗanda kowannensu zai iya shafe babban birni da kewayensa. An ƙiyasta sun kai 25,000. Wa'adin ya zo ya wuce ba a gano ko rabinsu ba, kuma babban dalili shi ne majalisar da ta yi dokar ba ta ba da isassun kuɗin aiwatar da ita ba. Wanda rufin ɗakinsa ke yoyo ga damina ta kawo kai, idan aka gan shi yana cinikin doki, dole a yi magana.

A nan ne muke ganin an zalunci jama'a idan aka ce shakkarsu ƙin kimiyya ce. A 2018 cibiyar binciken ra'ayi ta Pew ta tambayi Amurkawa abin da ya kamata NASA ta sa a gaba. Kashi 62 cikin 100 suka ce sa ido kan duwatsun da ka iya bugun duniya yana cikin manyan ayyuka, kashi 13 kacal suka faɗi haka game da sake kai mutum wata. Mutanen nan sun bambance tsakanin tsaron gida da wasan sallah. Tun kafin nan ma, a Nuwamban 2014, an tara talakawan gari a biranen Phoenix da Boston, aka yi yini guda ana yi musu bayanin hanyoyin nan biyu, ta buhu da ta ɗauko curi, aka bar su suka yi muhawara a tsakaninsu. Mafi yawansu suka zaɓi ta biyu, wadda ta fi kusa da koyon yadda ake karkatar da babban dutse, kuma ita ce hukumar ta ɗauka bayan wata 4. Direban bas da ma'aikaciyar jinya, idan aka ba su bayani da lokaci, suna iya auna irin wannan magana.

Mu kwatanta da abin da ya biyo baya. A Nuwamban 2021 NASA ta harba wani kumbo mai suna DART, wanda kuɗinsa bai kai dala miliyan 350 ba, kuma aikinsa guda ɗaya ne tak: ya je ya yi karo da wani dutse mai suna Dimorphos, mai faɗin kusan mita 160, wanda ke kewaya wani babban ɗan'uwansa a nisan kilomita miliyan 11 daga duniya, a ga ko zai gusa. Kafin a tashi an faɗa wa kowa ma'aunin: dutsen yana gama kewayensa cikin awa 11 da minti 55, idan aka rage masa daƙiƙa 73 an ci jarrabawa, idan ba a kai ba an faɗi. A ranar 26 ga Satumba, 2022, kumbon ya doke shi da gudun kilomita 6 a daƙiƙa, gudun da zai kai mutum Zariya daga Kano cikin ƙasa da rabin minti. Da aka auna, sai aka tarar an rage minti 32 zuwa 33. Kuma ba hukumar kaɗai ta auna ba. Na'urorin hangen nesa a ƙasashe daban-daban, har da Chile da Afirka ta Kudu, sun bi diddigin abin. Mu da muke tsara jarrabawa mun san darajar a rubuta makin cin nasara kafin a raba takarda, a kuma bar wani malami dabam ya yi makin. Shirin kamo dutse bai taɓa samun ma'auni irin wannan ba.

Duk da haka a lura da abu biyu. Duk wannan karon, abin da ya canja a gudun dutsen bai kai milimita 3 a daƙiƙa ba. Tururuwa ta fi shi sauri. Irin wannan ɗan turi yana amfani ne kawai idan an yi shi shekaru da yawa kafin ranar haɗari, abin da ya sake maido mu kan maganar Binzel ta a fara nemowa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, sakamakon ya zarce abin da kumbon shi kaɗai zai iya, saboda tarin ƙasa da tsakuwar da suka fantsama sun ƙara tura dutsen baya. An ji daɗin hakan, amma yana nuna cewa har masu aikin ba su san ainihin yadda cikin dutsen yake ba sai da suka taɓa shi. Don haka ne Turai ta harba nata kumbon, Hera, a Oktoban 2024, ya je ya duba wurin da idonsa.

Wannan rashin sanin ya sake fitowa a wani wurin. Lokacin da kumbon OSIRIS-REx ya miƙa hannu ya taɓa dutsen Bennu a Oktoban 2020, an zaci zai dafa abu mai tauri ne, sai hannun ya nutse kusan rabin mita kamar an sa shi cikin rumbun gero. Ashe da yawan waɗannan duwatsu tarin tsakuwa ne da ɗan ƙarfin jan juna ya haɗa. Wanda ya yi shakkar cewa za a iya zura irin wannan abu a buhu yana jujjuyawa ba tare da ya watse ba, bai yi shakkar banza ba.

Shi wannan kumbon ne kuma ya ba mu sikelin auna maganar dukiya. An harba shi a 2016, ya dawo da samfurinsa a ranar 24 ga Satumba, 2023, bayan shekara 7 da kashe kimanin dala biliyan 1. Abin da ya kawo giram 121.6 ne, wato rubu'in nauyin ledar ruwa guda. Na Japan, Hayabusa2, wanda ya dawo a Disambar 2020, giram 5.4 ya kawo, cikin cokalin shayi. Ga masana wannan taska ce, amma ga ɗan kasuwa asara ce. A 2012 an ƙaddamar da kamfanin Planetary Resources da goyon bayan attajirai irin su Larry Page da Eric Schmidt na Google, da alkawarin haƙo ruwa da ƙarafa masu daraja daga duwatsun sama. A 2018 aka sayar da shi ga wani kamfanin da ba ruwansa da sararin samaniya. Takwaransa Deep Space Industries shi ma an saye shi a farkon 2019. Babu wanda ya haƙo ko tsakuwa ɗaya a cikinsu. Saboda haka idan ɗalibi ya zo da saƙon da ke yawo a WhatsApp cewa akwai wani dutse mai suna Psyche da zai mai da kowane ɗan Adam biloniya, a tambaye shi nawa ake sayar da kwandon tumatir a lokacin da na rani ya cika kasuwa. Kumbon da aka tura can a Oktoban 2023 nazari ya je yi, kuma ba zai dawo da komai ba.

Tambayar da muke ganin ta fi kowace nauyi a gare mu, ita ce aka fi yin shiru a kanta: idan an kamo dutsen, na wane ne? Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967, wadda Nijeriya ke cikinta, ta ce babu ƙasar da za ta mallaki wata ko wani abu na sama. Amma a Nuwamban 2015 Amurka ta yi dokar da ta ba 'yan ƙasarta damar mallakar duk abin da suka haƙo daga can, Luxembourg ta bi sahu a 2017. Hujjarsu ita ce teku ba na kowa ba ne, amma kifin na wanda ya kama ne. Masu ja da wannan hujja suna tambaya: idan dutsen ƙarami ne har aka ɗauke shi ɗungurungum, kifi aka kama ko kuwa tafkin aka kwashe? Nijeriya da Ruwanda su ne ƙasashen Afirka na farko da suka sa hannu a yarjejeniyar Artemis, a Disambar 2022, kuma ita wannan yarjejeniya ta amince cewa haƙar albarkatun sama ba mallakar wuri ba ce. An sa hannu da sunanmu. Ko daidai ne ko ba daidai ba, ya cancanci a ce an tattauna shi a ajin ilmin zaman ƙasa.

Kada a ɗauka wannan gardama ce ta nan da shekara 100. A Nuwamban 2023 an tsinci wani dutsen duniyar Mas a hamadar jihar Agadas ta Jamhuriyar Nijar, mai nauyin kusan kilo 25, mafi girma irinsa da aka taɓa samu a doron ƙasa. A ranar 16 ga Yuli, 2025, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a birnin New York a kan kimanin dala miliyan 5.3. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda aka fitar da shi, kamfanin kuwa ya ce an bi ƙa'ida. Ba mu ne za mu yanke hukunci ba. Amma idan dutsen da ya faɗo da kansa cikin iyakar ƙasa mai tuta da kwastan ya iya zama abin jayayya haka, to wanda aka je aka kamo a inda babu iyaka, da kumbon da ƙasashe ƙalilan ne ke da shi, sai yaya?

Saura abu guda da ke rura shakka, wanda gyaransa a hannunmu yake, wato lambobin da ke hawa da sauka. A ƙarshen Disambar 2024 an gano wani dutse da aka yi wa laƙabi da 2024 YR4, mai faɗin kusan mita 60. Aka ce akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ya bugi duniya ranar 22 ga Disamba, 2032, kuma layin wuraren da zai iya faɗawa ya ratsa ta Afirka. Lambar ta hau zuwa kashi 3.1 a ranar 18 ga Fabrairu, 2025, sai kuma cikin 'yan kwanaki ta faɗi kusan sifiri. Mutane suka ce ai ga shi nan, ba su san abin da suke yi ba. Alhali a allo ana iya nuna dalilin cikin minti 5. A zana dogon layi, a ce dutsen zai bi ta wani wuri a kan layin nan amma ba a san ina ba, a ɗiga ɗigo guda a ce ga duniya. Duk lokacin da aka ƙara hango dutsen, sai a goge gefunan layin ya gajarce. Muddin ɗigon yana cikin layin, rabonsa ƙaruwa yake yi, tun da layin na raguwa shi kuwa girmansa bai canja ba. Ranar da gogewar ta wuce ta kansa, sai rabon ya koma sifiri gaba ɗaya.

Haka aka yi da dutsen Apophis, wanda a Disambar 2004 aka ba shi kashi 2.7, kafin ƙarin awo, musamman na 2021, ya tabbatar ba zai taɓa mu ba har nan da shekara 100 aƙalla. Amma zai wuce kusa. A daren Juma'a, 13 ga Afrilu, 2029, wannan dutse mai faɗin kusan mita 340 zai gifta a nisan kimanin kilomita 32,000 daga doron ƙasa, wato ƙasa da inda taurarin ɗan Adam masu kawo mana talabijin suke. Afirka na cikin wuraren da za a gan shi da ido ba tare da wata na'ura ba, kamar matsakaicin tauraro yana tafiya a hankali tsakanin sauran, kuma daren babu farin wata. Zai fi kusantowa wajen ƙarfe 11 saura kwata agogon Nijeriya da Nijar. Majalisar Ɗinkin Duniya ta riga ta ware shekarar 2029 don wayar da kai kan waɗannan duwatsu. Masu yaɗa jita-jitar tashin duniya ba za su jira 2029 ba, tun shekara guda kafin nan za su fara. Muna ba majalisar zartarwa shawara ta sa wannan rana a kalandar reshe tun yanzu, a nemi filin makaranta guda a kowace gunduma wanda ke nesa da fitilu, a gayyaci ɗalibai da iyayensu, kowa ya zo da tabarmarsa.